Darasi na 9: Fuskar Fota Mai Dashe da Fuskar Ƙarfe Zalla

Dokar wasan golf ta yarda ɗan wasa ya shiga fili da sanduna 14 a jakarsa, bai isa ya ƙara ko ɗaya ba. Ban da ɗaya, sandunan duk aikinsu su ɗaga ƙwallo sama su cilla ta gaba. Ɗaya ce kawai aka yi domin ta gangarar da ƙwallo a ƙasa har ta faɗa rami, ita ce ake kira fota. Gajeruwa ce, ba ta da kwarjinin doguwar sandar bugun farko, amma babu wadda ta kai ta yawan fitowa daga jaka. A fili mai ramuka 18 da aka ƙayyade wa bugu 72, an yi lissafin ne a kan bugun fota biyu a kowane rami. Bugu 36 ke nan, rabin wasan cif. Ƙwararru sukan gama da ƙasa da haka, mai koyo kuwa sau da yawa yakan zarce.

Fota tana da mariƙi da ƙota da kai. Gefen kan da ke taɓa ƙwallo shi ne fuska, kuma a kanta wannan darasi ya tsaya. Duk wanda ya taɓa saɓa jaka a filin golf na Kano ko Kaduna ko Jos ko Abuja ya ga iri biyu. Wata fotar fuskarta ƙarfe ɗaya ne da sauran kan, ba haɗi ba gami. Wata kuma an rarake tsakiyar fuskar an dasa wani abu dabam, galibi fari ko baƙi, wanda launinsa ya saɓa da na ƙarfen. Ta farko ita ce mai ƙarfe zalla, ta biyu mai dashe. 'Yan wasa suna musu a kan wadda ta fi, musun kuma yakan yi zafi. Burina ku san abin da kowacce take yi da gaske, ku kuma gane abin da ake jingina mata alhali ba aikinta ba ne.

Yadda ake ƙera su

Hanya biyu ake bi wajen ƙera kai mai ƙarfe zalla. Ta farko zubi ce: a narkar da ƙarfe, a zuba a mazubi, ya huce, a fitar a goge, kamar yadda maƙeran tukwanen alminiyam suke yi a kasuwanninmu, sai dai a nan awon ya fi tsanani. Zubi yana da sauri, yana da araha, ana iya fitar da dubbai masu siffa ɗaya. Ta wannan hanya ce fotar da ta fi kowacce tasiri a tarihin wasan ta bazu a duniya. Karsten Solheim, wani injiniya haifaffen Norwe da ke aiki da kamfanin General Electric a Amurka, ya ƙera fotarsa ta farko a garejin gidansa a Kaliforniya a 1959, kuma daga ƙarar da take yi in ta daki ƙwallo kamfaninsa ya samu sunan Ping. A 1966 ya fito da wadda ya kira Anser. Ya rarake bayan kan, ya kwashe nauyin ya mayar da shi ƙarshe biyu, na kusa da ƙota da na can nesa. Har gobe yawancin sandunan fota masu siririn kai siffarta suke bi.

Hanya ta biyu sassaƙa ce. Akan ɗaure dunƙulen ƙarfe a inji mai aiki da kwamfuta, haƙorin injin ya dinga cin sa kaɗan-kaɗan har siffar kan ta fito. Kaso mai yawa na dunƙulen a ɓarɓashi yake ƙarewa, aikin kuma yana cin lokaci, shi ya sa sassaƙaƙƙiyar fota take da tsada. Ƙarfen da aka fi amfani da shi shi ne wanda ba ya tsatsa mai lamba 303, sai baƙin ƙarfe mai ɗan taushi wanda shi yana tsatsa. Sunan da ya fi fice a wannan sana'a shi ne Scotty Cameron, Ba'amurken da Bernhard Langer na Jamus ya ci gasar Masters ta 1993 da fotarsa, wanda ya haɗa gwiwa da kamfanin Titleist a 1994. In kun samu irin wannan fotar, ku kusanto da fuskarta ga haske. Za ku ga zane masu lanƙwasa, ɗaya na bin ɗaya. Sawun haƙorin inji ne. Ku shafa da babban yatsa, a wata za ku ji kusan sumul, a wata za ku ji kaushi sosai. Ku riƙe wannan bambancin, za mu buƙace shi nan gaba kaɗan.

Mai dashe kuwa gangar jikinta yawanci ta zubi ce, an bar gurbi a fuska, sannan a manna dashen da gam mai ƙarfi. Dashen yakan kasance wata roba mai tauri da ake kira yuretan, ko wata mai suna Surlyn, ko farantin alminiyam, wani lokaci ma hawa biyu, mai taushi a ciki mai tauri a waje. Taushin yana da iyaka. Hukumomi biyu da ke tsara dokokin wasan, R&A ta garin St Andrews a Sikotilan da USGA ta Amurka, sun ce kada taurin fuskar fota ya gaza maki 85 a ma'aunin da ake kira Shore A. A fili kuwa farce ya isa gwaji: in aka danna ya bar gurbi mai zurfi, akwai shakka a kan halaccin sandar.

Abin da ya kawo yayin dashe

Ƙwallo ce ta kawo shi. Kafin shekarar 2000 yawancin ƙwararru da ƙwallo mai naɗaɗɗen zaren roba a ciki suke wasa, an lulluɓe ta da wani abu mai taushi da ake kira balata. Tana da daɗin bugu, amma tana da tsada, kuma bugu ɗaya na kuskure yakan yanke ta. Sauran jama'a ƙwallo mai fatar Surlyn suke saye, mai ƙarko, mai tauri. In irin wannan ta haɗu da fuskar ƙarfe, ƙarar mai kaifi ce, mutum ya ji kamar ƙwallon ta kufce masa. Dashe ya zo ya kwantar da wannan ƙarar. Kamfanin Odyssey ne ya fi cin kasuwar. Nick Faldo na Ingila ya ci Masters ta 1996 da fotarsu Rossie II, bayan ya shiga ranar ƙarshe Greg Norman yana gabansa da bugu 6. A 1997 kamfanin Callaway ya sayi Odyssey, a 2000 kuma suka fito da dashen White Hot, wanda aka yi da irin yuretan ɗin da ke jikin ƙwallonsu mai suna Rule 35. A watan Oktoba na wannan shekarar Titleist ya kawo ƙwallon Pro V1 mai dunƙulallen ciki, ƙwararru suka yi ta barin balata. Farin dashen nan ya zo a kan gaɓa.

Kunne da hannu

A nan ne gizo ke saƙar. Haɗuwar fuska da ƙwallo ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ba. Kafin ɗan wasa ya ji komai a tafin hannunsa, ƙwallon ta riga ta tafi. Abin da yake kira taushi ko tauri labari ne da ya iso masa bayan an gama, ta hanya biyu: 'yar girgizar da ta biyo ƙota zuwa mariƙi, da kuma sautin da ya shiga kunne. A cikin biyun, sauti ya fi rinjaye. Fuskar ƙarfe mai sumul takan ce ƙwas, mai dashen roba takan ce tif, ƙwaƙwalwa kuma ta fassara na farko da tauri, na biyu da taushi.

To me ya sa wannan ya dame mu, tunda ƙwallon ta riga ta wuce? Domin bugu na gaba. Da wannan labarin mutum yake koyon yawan ƙarfin da zai sa. Fuskar ƙarfe ba ta rufa asiri. In kun daki ƙwallo da tsakiyar fuska sautin daban, in kun kauce zuwa gefe sautin ya canza nan take, hannu ma ya ji. Mai son sanin laifinsa ya gyara yana son haka. Dashe kuwa yakan shanye girgiza, ya kusanto da sautin bugun tsakiya da na gefe. Wanda hannunsa ke rawa a gajeren bugu yakan samu natsuwa da shi, ya daina tsoron ƙwallon za ta tsere. Sai dai akwai masu rasa awon nisa da dashe, domin bugun ƙafa 10 da na ƙafa 30 duk sun yi musu kama a kunne.

Kada ku ɗauka taushin sauti yana nufin ƙwallo za ta fita a hankali. Akwai dashe mai taushin sauti da ke tura ƙwallo da kuzari, akwai wanda ke cinye ƙarfin bugu. Haka nan ba kowane dashe ne mai taushi ba, na alminiyam yakan yi ƙara kusan kamar ƙarfe. Ƙarfe zalla ma ba kullum yake da tauri ba. Ku tuna kaushin nan da kuka shafa: in sassaƙar ta yi zurfi, tsinin zanen ne kawai ke taɓa ƙwallo, ƙarfen da ya haɗu da ita ya ragu, sautin ya yi ƙasa. Sassaƙa mai zurfi a baƙin ƙarfe tana iya fin wani dashen taushi.

Ita ma ƙwallon tana da nata kaso a sautin. Masu koyo da yawa aljihunsu cike yake da ƙwallayen tsintuwa, wannan mai tauri, waccan mai taushi, wata ta sha rana har ta yi ruwan ɗorawa. Wanda yake canza ƙwallo a kowane rami bai ba kunnensa damar koyon komai ba, ko wace irin fota ya riƙe. Ku zaɓi iri ɗaya ku tsaya a kai. Wannan shawarar ba ta cin kuɗi sosai, kuma ta fi sauya sanda amfani.

Inda nauyi yake zaune

Amfanin dashe na biyu ba a jin sa a kunne, a sikeli ake ganinsa. Ɗan dunƙule mai santimita 1 a kowane gefe, in na ƙarfe ne nauyinsa ya kusa giram 8, na alminiyam giram 2.7, na yuretan giram 1 da 'yar ɗoriya. Mu ɗauka gurbin da aka rarake a fuska zai ci irin wannan dunƙulen guda 5. An cire ƙarfe na kusan giram 40, an mayar da roba ta kusan giram 6. An samu rarar giram 34. Kan fota na zamani yakan kai wajen giram 350, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa ke nan maƙeri ya samu a hannu, ya kai shi duk inda yake so. Yakan kai shi gefe-gefe da can baya, sau da yawa da ƙarfen tangistin, wanda dunƙulensa ya kai giram 19.

Dalilin yin haka mai sauƙi ne. In ƙwallo ta daki fuska ba a tsakiya ba, kan yana so ya murɗe. Da ya murɗe, ƙwallon ta kauce wa hanya, ta kuma rasa gudu. Kan da nauyinsa ke baje a gefe ya fi wuyar murɗewa. Shi ya sa za ku ga yawancin sanduna masu faffaɗan kai da dashe suke zuwa. Amma wannan dabarar ba mallakar dashe ba ce. Ita ce Solheim ya yi tun 1966 da ƙarfe zalla, masu sassaƙa na yau kuma suna ɗaura ƙananan nauyi masu kama da noti a ƙasan kan.

Akwai kuma batun tsage. Fuskar fota ba a miƙe take sak ba, an ɗan kwantar da ita baya da digiri 2 zuwa 4 domin ta ɗago ƙwallo daga ɗan gurbin da ta zauna a ciyawa. Don haka ƙwallon takan fara da zamewa kafin ta kama mirginawa sosai. Kamfanoni suna tsaga layuka a fuska da niyyar rage wannan zamewar, kamar dashen Pure Roll na TaylorMade. Ping kuma ya taɓa yin tsage mai zurfi a tsakiya, marar zurfi a gefe, domin bugun tsakiya da na gefe su je nisa kusan ɗaya. Ana yin tsage a dashe, ana yi a ƙarfe. A ganina masu talla suna kururuta amfaninsa fiye da kima. Bugu mai tsabta da kwancin fuskar da ya dace da hannun mutum sun fi kowane zane tasiri.

Abin da fuska ba za ta yi muku ba

Ramin golf faɗinsa milimita 108 ne, ƙwallon kuwa kusan milimita 43. Inda fuskar fota ta kalla lokacin haɗuwa, can ƙwallon za ta nufa, ko da zinare aka yi fuskar. Saiti aikin ido ne da tsayuwa da siffar kai. Roba ko ƙarfe ba sa gyara shi.

Tarihin Tiger Woods ya isa hujja. A 1997 ya ci Masters da tazarar bugu 12, da fotar Cameron mai dashen wani gamin jan ƙarfe da ake kira Teryllium. A 1999 ya koma fotar Newport 2 mai ƙarfe zalla, da ita ya ci sauran manyan gasa 14 cikin 15 da ya ɗauka, har da Masters ta 2019. Mutum ɗaya, fuska biyu, nasara da duka. Scottie Scheffler ya bi hanyar a juye. A watan Maris na 2024 ya koma Spider ta TaylorMade mai faffaɗan kai da dashe, ya ci gasar Arnold Palmer a makon, ya ci Masters a Afrilu. Mai gaggawa zai ce dashe ne ya yi aikin, alhali siffar kan gaba ɗaya ce ta sauya, da nauyinsa, da layin saitinsa.

Inda fuska take da ta cewa shi ne nisa. Lissafin Mark Broadie na Jami'ar Kolambiya ya nuna ƙwararrun gasar PGA ma kusan rabi suke jefawa daga ƙafa 8. In haka ne, mai koyo da ke tsaye ƙafa 30 daga rami ba jefawa ce damuwarsa ba. Damuwarsa ya ajiye ƙwallon kusa, ya gama da bugu biyu. Yawancin bugu uku a rami ɗaya daga kuskuren ƙarfi yake zuwa, ko a gaza ko a zarce. Dave Pelz, malamin fota da ya taɓa aikin kimiyya a hukumar NASA, ya koyar da cewa a buga da ƙarfin da in ƙwallo ta kuskure za ta wuce rami da inci 17, wato kusan santimita 43. Fuskar da ta taimake ku kuka riƙa samun wannan awon a kai a kai, ita ce taku.

Fili da yanayi

Ana auna santsin ciyawar da ke kewaye da rami, wato girin, da wani ƙarfe mai kwari, tsawonsa inci 36, wanda Edward Stimpson ya ƙirƙiro a 1935. A saki ƙwallo daga kansa, a auna ƙafa nawa ta mirgina. A manyan gasa akan kai ƙafa 12 ko fiye. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce fuska mai taushi ga girin mai santsi, mai tauri ga girin mai nauyi, don kada sai an yi dogon lilo kafin ƙwallo ta isa. Shawara ce mai ma'ana, amma ba doka ba ce.

A wuraren da ruwa ke da wuya akwai filayen da ba ciyawa a bakin rami, yashi ne da aka cakuɗa da mai aka baje, ana share wa ƙwallo hanya kafin a buga. A irin wannan fili na fi son ƙarfe zalla. Ana buƙatar bugu mai ƙwari, kuma yashin da ke manne wa ƙwallo yana kankare roba. Zafi ma abin lura ne. Jakar da ta wuni a but ɗin mota da bazara, gam ɗin dashenta yana shan wahala, wata rana ya saki. Damina kuma ita ce abokiyar gabar baƙin ƙarfe: in ba a tsane shi an shafa da tsumma mai ɗan mai ba, tsatsa ta kama. Wanda zai sayi fotar gwanjo mai dashe ya bi gefen dashen da farce ya ga ko ya fara ɗagowa, ya ƙwanƙwasa wurare daban-daban da kwabo ya saurara. In wani wuri ya yi sautin holoƙo, gam ya saki a ciki. Mai ƙarfe zalla kuwa tabo a baya ko a ƙasa ba komai ba ne, na fuska ne abin gudu. Kowace iri ce, a riƙa sa mata hularta in an mayar da ita jaka.

Aikin gwaji

Ku haɗu biyu-biyu. Ku aro fota mai dashe ɗaya da mai ƙarfe zalla ɗaya, waɗanda tsawonsu da nauyinsu suka yi kusa, da ƙwallo 10 iri ɗaya. Kada ku nufi rami. Ku shimfiɗa igiya a ƙasa, ku ja baya taku 10, ku yi ƙoƙarin tsayar da kowace ƙwallo a kan igiyar. Abokin aiki ya auna tazarar da ke tsakanin wadda ta fi gazawa da wadda ta fi zarcewa, ya rubuta. Ku maimaita da ɗaya fotar, sannan ku sake duka daga taku 5. Daga nan ku toshe kunne da auduga ku sake bugawa, abokin yana miƙo muku sanda ba tare da kun duba fuskar ba har sai kun faɗi wadda kuke zato.

A littafinku ku amsa: me ya sa sassaƙaƙƙiyar fota ta fi ta zubi tsada? In gurbin dashe zai ci dunƙule 4 maimakon 5, kuma da alminiyam aka cike shi, giram nawa aka rage? Wace fota ce ta ba ku ƙaramar tazara, kuma ita ce wadda sautinta ya fi yi muku daɗi?

Wanda ya ga sandar mai araha ta ba shi ƙaramar tazara, ya riƙe ta, kada tsadar wata ko sunan da ke jikinta ya ruɗe shi. Ku zo aji na gaba da awon da kuka rubuta, da shi za mu fara darasin tsawon ƙota da kaurin mariƙi.